Jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a zamanin korona: a shiga ko a fasa?

Ƙasarmu ba ta da teku. Jirgin ruwan da yawancinmu suka sani shi ne kwalekwalen masunta da ke bisa kogin Isa. Masu zuwa Kwatano ko Lome ɗaukar kaya sun ga manyan jirage a tasha, masu kawo shinkafa da siminti da motoci. To, akwai wani irin jirgi dabam. Shi mutane yake ɗauka, masu hutu da ɗan abin hannu, ya zaga da su bisa teku don su huta su ga ƙasashe. Yau labarinsa za mu ba ku, da irin wuyar shawara da masu shigarsa suka sha daga shekara ta 2020 zuwa 2022, lokacin annobar korona. Abin ya faru nesa da mu. Amma takardar awon da ta hana su barci ita ce aka tambayi alhazanmu a 2022. Don haka yana da kyau mu gane abin da takardar nan ke faɗi, da abin da ba ta iya faɗi.

Wane irin jirgi ne?

Ku ɗauka an gina babban otal, an aza shi bisa ruwa. Bene bisa bene, da ɗakunan kwana fiye da dubu. Akwai wuraren cin abinci, da kantuna, da ɗakin kiɗa da wasa, da wurin iyo, da ɗan ƙaramin asibiti. Ɗaya daga cikin jiragen nan, mai suna Diamond Princess, tsawonsa mitir 290. In aka jera biyu da rabi irinsa, sun kai tsawon gadar Kennedy ta Yamai.

Mutum yakan biya kuɗin tafiya tun watanni kafin ranar tashi. Jirgi ya yi tafiya da dare, gari ya waye yana wata tasha. Mutane su sauka su zaga gari, da marece su koma ciki. Haka za a yi ta yi har mako 1 ko 2, sannan jirgi ya maido su inda ya ɗauke su. A shekara ta 2019 mutum kusan miliyan 30 suka yi irin wannan yawo. Sun fi jama'ar Nijar duka yawa a wannan shekara. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne, waɗanda suka gama aiki suna cin kuɗin fansho.

Korona kuwa ta numfashi take bi. Mai ita ya yi tari, ko magana, ko waƙa, ƙwayar cutar ta fita cikin iska, na kusa ya shaƙa. A kasuwar ƙauye, ƙarƙashin sarari, iska na kwashe ta. Cikin ɗaki rufaffe sai ta tsaya. Ku tuna motar haya cike da mutane, tagogi a rufe saboda ƙura, mutum guda na mura. A mota wuni guda za a yi a rabu. A jirgin nan mutum dubu 3 ne ko fiye, suna ci wuri guda, suna hira wuri guda, kwana da kwanaki.

Abin da ya faru a Yokohama

Ran 20 ga Janairu 2020 Diamond Princess ya tashi daga Yokohama, a ƙasar Japan. Cikin matafiya akwai wani tsoho ɗan shekara 80. Ya sauka a Hon Kon ran 25 ga wata. Ran 1 ga Fabrairu aka auna shi a can, aka tarar yana da korona. Kafin labari ya iso, jirgi ya riga ya yi kwanaki yana yawo da sauran mutane.

Da jirgi ya dawo Yokohama ran 3 ga Fabrairu, hukumar Japan ta hana kowa sauka. Mutum 3,711 ne a ciki: matafiya 2,666, ma'aikata 1,045. Daga ran 5 ga wata aka ce kowane matafiyi ya zauna ɗakinsa kwana 14. Wasu ɗakunan ko taga ba su da ita. Ma'aikata ke kai abinci ƙofa ƙofa. Su kuwa ma'aikatan ba a iya raba su ba, don in sun zauna ba mai dafa abinci. Suna kwana biyu biyu ko fiye a ɗaki guda, suna ci tare. Cuta ta bi ta cikinsu.

Da aka gama ƙirga, mutum 712 suka kamu. Wajen 14 suka rasu, kusan dukansu tsofaffi. Wani abu kuma ya ba likitoci mamaki. Kusan rabin waɗanda awo ya nuna sun kamu, a lokacin da aka auna su ba su tari, ba su zazzaɓi, ba abin da ke damunsu. Ke nan duba fuskar mutum, ko auna zafin jikinsa a ƙofa, bai isa ya tare cutar ba.

Daga nan sai tsoro ya kama tashoshin duniya. Wani jirgi mai suna Westerdam ya yi kusan mako 2 yana neman inda zai tsaya, ana korarsa, sai ƙasar Kambodiya ta karɓe shi ran 13 ga Fabrairu. Wani mai suna Zaandam, ƙasashen Amurka ta Kudu suka rufe mashi ƙofa, mutum 4 suka rasu a ciki kafin ya samu sauka a Filorida ta Amurka ran 2 ga Afrilu. A Ostareliya kuma aka yi akasin haka. Ran 19 ga Maris aka bar mutum wajen 2,700 suka sauka daga Ruby Princess a birnin Sidini kafin sakamakon awo ya fito. Kowa ya kama hanyar garinsu. Daga baya aka ƙirga mutuwar mutum 28 daga wannan jirgi. In an tsare mutane ciki, cuta ta cinye su. In an sake su, su kai ta gida.

Ran 14 ga Maris 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ake ce ma CDC, ta hana manyan jiragen nan tashi daga tashoshin ƙasar. Sauran ƙasashe ma suka rufe. A wannan wata ne, ran 19, aka sami mutum na farko mai korona a Nijar. Jirage suka yi cirko-cirko bisa ruwa ba matafiya. Ma'aikata dubbai, yawancinsu ƴan Filifin da Indonesiya da Indiya, suka yi watanni a ciki, ba hanyar zuwa gida.

An sake buɗewa, amma da sharuɗɗa

Kamfanonin jirage ba su iya zama ba ciniki har abada. Italiya na cikin ƙasashen da suka fara. Ran 16 ga Agusta 2020 babban jirgi mai suna MSC Grandiosa ya tashi daga birnin Jenowa. Ba a cika shi ba. An auna kowa kafin ya shiga. In an sauka a wani gari, sai a tafi ƙungiya guda tare da ɗan jagora, ba mai ratsewa. Wasu iyali suka ratse suka yi yawon kansu lokacin da jirgi ya tsaya a Nafoli. Da suka dawo aka hana su shiga, jirgi ya tafi ya bar su.

A Amurka an daɗe. Sai ran 26 ga Yuni 2021 babban jirgi na farko, Celebrity Edge, ya tashi da matafiya daga Filorida. A lokacin allurar rigakafi ta samu. Yawancin kamfanoni suka ce ba mai shiga sai da katin allura. Daga watan Satumba na 2021 kuma, ko mai allura sai ya kawo takardar awo wadda ba ta wuce kwana 2 ba.

A nan ne shawara ta yi wuya. Lokacin da aka hana tashi, ba wanda ya sha wahalar tunani, hukuma ta yanke ma kowa. Da aka buɗe, sai nauyi ya dawo kan mutum shi kaɗai. Ga kuɗinsa ya biya tun bara. Ga jirgi zai tashi. Ga cuta ba ta ƙare ba.

Mene ne awon nan?

Awo iri biyu ne. A duka biyun ana sa ɗan tsinke mai auduga cikin hanci a shafo majina.

Na farko shi ake ce ma PCR. Ana kai tsinken ɗakin awo. A can na'ura ke ɗaukar ɗan abin da ƙwayar cuta ta bari, ta yi ta ninka shi har ya yi yawan da za a gane shi. Awon nan yana da ido ƙwarai, ko kaɗan ne yakan gani. Amma yana cin lokaci, awoyi da yawa, wani lokaci kwana 1 ko 2 in mutane sun yi yawa. Yana kuma da tsada. A ƙasashenmu masu kuɗin sefa, a 2021 an tsaida shi jikka 25 ga mai tafiya ta jirgin sama. Idon nasa ma yakan yi yawa. Mutum ya kamu ya warke sarai, ba ya ba kowa cuta, amma ragowar matattun ƙwayoyi na nan cikin hancinsa. PCR na iya ganinsu har wajen wata 3. A lokacin, irin wannan mutum sai ya nemi takardar likita mai shaida cewa ya yi cutar ya warke, in ba haka ba a maida shi daga ƙofa.

Na biyu shi ne awon gaggawa. Kun san irin awon zazzaɓin cizon sauro da ake yi a gidan likita, a soki yatsa, a ɗiga jini bisa ɗan farin roba, a jira layi ya fito. To, kamarsa ne, sai dai hanci ake taɓawa. Minti 15 ya isa. Yana da araha. Amma sai ƙwayoyi sun yi yawa yake ganinsu. A farkon kamuwa yakan ce ba kome, alhali akwai.

Yanzu ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Manomi ya shuka gero ran Asabar bayan ruwa. Ka je gonar ran Lahadi, ba za ka ga kome ba sai ƙasa. Ba ka cewa gonar nan ba a shuka ta ba. Iri na ciki, lokacinsa ne bai yi ba. Haka korona take. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da za ta nuna kanta, ana yin kwana 2 har zuwa 14, galibi wajen 5. A kwanakin farko ko PCR ba ya ganinta. Takardar da ta ce ba ka da cuta, labarin ranar da aka auna ka take bayarwa. Wanda ka zauna kusa da shi jiya a tashar mota, da wanda za ka gamu da shi gobe a filin jirgin sama, ba su cikin lissafinta.

An ga wannan a fili a watan Nuwamba 2020. Wani ƙaramin jirgi mai suna SeaDream I ya tashi daga tsibirin Barbados da matafiya 53 kawai. An auna kowa kafin ya baro gida. An sake auna kowa a bakin jirgi. Duka takardu suka ce lafiya. Bayan ƴan kwanaki mutum guda ya ji jikinsa ba daidai ba. Da aka bincika, matafiya 7 da ma'aikata 2 sun kamu. Jirgi ya juya ya koma tasha.

Kada wani ya ce ashe awo banza ne. Rariya ba ta tare kowane tsaki, amma ba mai tuƙa tuwo da garin da ba a tankaɗe ba. Awo ya tare mutane da yawa masu cuta a bakin ƙofa, ya rage yawan waɗanda suka shiga da ita. Abin da bai iya ba shi ne ya yi alkawari.

Wahalar ƙirga kwanaki

Ku duba yadda sharaɗin kwana 2 ya matsa ma mutum a lokacin. Jirgi zai tashi ran Asabar. Ke nan awo sai Alhamis ko Juma'a. In ka yi shi Laraba, takarda ta tsufa. In ka yi PCR ran Juma'a, sakamako na iya makara, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Mutumin da garinsu ke nesa da teku, ran Juma'a yana cikin jirgin sama, ya riga ya kashe kuɗin tikiti da na otal. In awo ya fito da cuta a bakin tasha, ba shi shiga. Sau da yawa waɗanda suka zo tare da shi ma ba su shiga, don sun kwana ɗaki guda.

Wannan na shiga ne. Akwai na komawa. Daga ran 26 ga Janairu 2021, duk mai shiga Amurka ta jirgin sama, ko da ɗan ƙasa ne, sai ya nuna awon da bai wuce kwana 3 ba. Daga ran 6 ga Disamba 2021 aka maida shi kwana 1. Ba'amurken da ya je yawon jirgi a tekun Italiya ko Girka, in ya gama sai an auna shi kafin ya hau jirgin gida. In aka ga cuta, ko da ba ya jin kome, sai ya zauna otal a ƙasar mutane, ɗaki a rufe, mako guda ko kwana 10, wani lokaci fiye. Wa zai biya otal? Wa zai sayi sabon tikiti? Mai aikin da hutunsa ya ƙare, me zai faɗa ma maigidansa?

Kowace tasha kuma da dokarta, dokar kuwa na canzawa ba sanarwa mai tsawo. Ran 24 ga Nuwamba 2021 likitocin Afirka ta Kudu suka ba da labarin sabon nau'in cutar, wanda aka raɗa ma suna Omikron. Ya fi na baya saurin yaɗuwa, yana kama har masu allura. Hukumar CDC ta ƙirga mutum 162 da suka kamu cikin jirage a mako 2 na farkon Disamba. A mako 2 na bayansu, sai ga mutum fiye da 5,000. Tsibirai irin su Aruba da Kurasawo suka hana wasu jirage tsayawa. Mutum ya biya don ya ga ƙasa 4, ya ƙare da kallon ruwa. Ran 30 ga Disamba hukumar ta ce kowa ya guji jiragen nan, ko da ya yi allura. Amma ba ta hana su tashi ba. Suna tashi, mutane na shiga.

Lissafin mai son tafiya

Masu cewa a tafi suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ce cikin jirgi kusan kowa ya yi allura, kowa an auna shi. Wace kasuwa, wane gidan biki ne a tudu ke da irin wannan tsaro? Jirage ba su cika ba, wuri ya yalwata, kuɗi ya sauka. Wasu tsofaffi suka ce sun yi shekara 2 a kulle, ba su san shekara nawa ta rage masu da ƙarfin tafiya ba. Gaskiya ne kuma allura ta canza al'amari. Ba ta hana kamuwa ɗungum, amma tana rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai. Yawancin waɗanda suka kamu cikin jirage a ƙarshen 2021, ciwon bai yi masu tsanani ba.

Masu cewa a fasa su ma ba matsorata ba ne. Sun ce yawon hutu ba dole ba ne. Ba jinya ba ce, ba neman abinci ba ne. Teku ba ta ƙafewa, baɗi ma tana nan.

A ganinmu, da yawa sun ɓata lokaci bisa tambayar da ba ta da amsa, wato ko zan kamu ko ba zan kamu ba. Ba likita ko takarda da ke iya faɗa maka. Tambayar da ke da amsa ita ce: in na kamu, me zai same ni, kuma ina iya ɗauka? Wannan kowa na iya zama da iyalinsa ya lissafa.

Da jiki ake farawa. Ku ɗauki mutum biyu. Ɗaya ɗan shekara 35, lafiyayye, ya yi allura. In ya kamu, mai yiwuwa kwana kaɗan na mura da zazzaɓi, a rufe shi ɗaki, hutunsa ya lalace. Ɗaya kuma ɗan shekara 75, yana da ciwon sukari da hawan jini, ko ciwon huhu. Shi in ya kamu, numfashi na iya gagararsa. Asibitin jirgi gado kaɗan gare shi. Babban asibiti na iya zama tafiyar wuni ko kwana, a ƙasar da bai san harshenta ba, in ma tashar ta yarda a sauke shi. Jirgi guda, takarda iri guda, amma kasadar mutanen nan biyu ba ɗaya ba ce. Ga na biyun, a watannin Omikron, mu da mun ce ya dakata.

Sai a dubi na gida. Saurayin nan lafiyayye, wa zai tarar in ya dawo? In tsohuwar uwarsa na ɗaki, ko mace mai ciki, ko mai jinya, to lissafi ya canza. Ba jikinsa kaɗai ya sa a caca ba. Masu ƙananan yara ma sun sha tunani, don a Amurka sai a watan Nuwamba 2021 aka fara yi ma ƴan shekara 5 zuwa 11 allura.

Sannan aljihu. A lokacin, mai hankali yakan tambayi kamfani tun kafin ya biya: in awo ya hana ni shiga, za ku maido mani kuɗina? Kamfanoni da yawa ba tsabar kuɗi suke maidowa ba. Takarda suke ba mutum, wai ya zo ya yi wata tafiya nan gaba, kuma takardar na da ranar mutuwa. Duk wanda ya taɓa ba ɗan kasuwa bashi ya san bambancin kuɗi a hannu da alkawari. A farkon 2022 kamfanin Crystal Cruises ya durƙushe. Ɗaya daga jiragensa, maimakon ya sauka Miyami inda ake jiransa da sammacin bashin mai, sai ya karkata zuwa tsibiran Bahamas da matafiya a ciki. Masu riƙe da takardun kamfanin suka koma bin sawun kuɗinsu. Akwai kuma inshora, irin wadda masu motoci ke biya, amma ta tafiya. Wata na biyan otal da asibiti in korona ta tsare mutum, wata ba ta biya. Ana rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe a ƙasan takarda, inda ido ba ya son zuwa. Ko a can ƙasashen da kowa ya yi makaranta, da yawa sun sa hannu ba su karanta ba.

A lokacin akwai kuma dabarun rage kasada ga wanda ya ce shi dai zai tafi. Ya zaɓi jirgin da ke tashi kusa da gida, inda mota ke kai shi, don ya huta da awon jirgin sama. Ya zaɓi gajeriyar tafiya mai tasha kaɗan. Ya rage shiga taro mako guda kafin tashi, don kada ya ɗauko cuta a kwanakin da awo ba ya gani. Ya ɗauki maganin da yake sha kullum har na ƙarin mako 2. Ya ci abinci a sarari in da hali, ya sa takunkumi inda aka cunkushe. Ya bar ƴan kwanaki tsakanin dawowarsa da komawa aiki ko ziyarar tsofaffi.

Ma'aikatan jirgi su ba a tambaye su shawara ba. Mai wanke kwanoni da mai share ɗaki, in jirgi bai tashi ba, iyalinsu a Manila ko Jakarta ba su da na cefane. In ya tashi, su ke shiga ɗakin mai tari. Duk matafiyin da ya ɓoye zazzaɓinsa don kada a rufe shi ɗaki, su ya fara cuta.

Alhazanmu sun ga irin wannan

A 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. A 2022 ta buɗe ma mutum miliyan 1, da sharaɗi uku: kada mutum ya wuce shekara 65, ya yi allura, ya kawo awon PCR wanda bai wuce awa 72 ba kafin tashi. Wanda ya gane labarin jiragen nan ya gane dalilin kowane sharaɗi. Shekaru, don tsoho cutar ta fi kayarwa. Allura, don ko an kamu abin ya zo da sauƙi. Awa 72, don takarda na tsufa kamar nono. Bambancin shi ne hajji farilla ne ga mai hali, yawon jirgi kuwa sha'awa ce. Shi ya sa fasa yawon ya fi sauƙi ga zuciya.

Yadda dokokin suka ƙare

Sannu a hankali aka kwance. Ran 12 ga Yuni 2022 Amurka ta daina tambayar awo ga masu shigowa ta sama. Ran 18 ga Yuli hukumar CDC ta rufe shirinta na sa ido bisa jiragen. Kafin ƙarshen shekara yawancin manyan kamfanoni sun bar tambayar katin allura da takardar awo a mafi yawan tafiye-tafiyensu. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Ba ta ce cutar ta ɓace ba. Har yanzu ana kamuwa, kuma tsofaffi da masu ciwo a jiki su ta fi wahalarwa.

Mutane suka koma teku fiye da da. A 2023 waɗanda suka yi yawon jirgi sun haura miliyan 31, sun wuce na 2019. Shi kansa Diamond Princess, a wannan shekara ya koma ɗaukar matafiya daga Yokohama.